Abin da Paulina Ta Faɗa wa Mai Inshora

Shekara goma sha ɗaya Paulina matar Kambai kafinta ta yi tana sayar da abinci a bakin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Ta san lokacin jirgin Fatakwal, ta san na Jos da na Kaduna. Duk wanda ya sauka da yunwa rumfarta yake nufa, ya ci tuwon acha ko doya da jar miya, ya wanke hannu ya koma tarago. Ita kuwa ta tattara kwanuka ta jira na gaba.

Su biyu ne mata a ɗakin uwarsu a Manchok, ita da ƙanwarta Scholastica, kuma tare aka sa su makarantar mishan. Paulina tana aji uku uwarsu ta kwanta ciwon ƙafa. Aka rasa mai zuwa rafi da mai ɗora tukunya, sai uban ya ce babbar ta zauna a gida tukuna. Tukunan nan ba ta ƙare ba. Scholastica ta wuce gaba, ta yi karatun nas, ta kama aiki a asibitin mishan, ta auri Zamani, hedimastan wata firamare mai babur da gonar citta. Gari duka Sista ake ce mata.

Ba wai Paulina ba ta son ƙanwarta ba ne. Ita ta goye ta, ita ta dafa abincin bikinta. Amma duk ranar da wani fasinja ya dube ta ya ce, "Ashe ke ce yayar Sista," sai maganar ta sosa mata rai. Takan yi murmushi ta ƙara masa miya.

A farkon shekarar 1975 Fada ya sanar a coci cewa bana Shekara Mai Tsarki ce, za a haɗa ayarin masu ziyara zuwa Roma, duk mai iko ya ba da suna. Zamani ya sayar da cittarsa ta shekara biyu, matan zumunta suka ƙara da gudummawa, sunan Scholastica ya shiga. Daga ranar babu wata hira a coci sai tafiyar Sista. Wata tsohuwa ta kawo mata carbinta ta ce ta taɓa shi da bangon babban cocin Roma, wata ta ce ta ɗebo mata ƙasar can ko da cikin ƙyalle ne.

Wata Asabar Scholastica ta zo rumfar da jakarta, ta zauna a benci ta baje takardu.

"Yaya, ga fasfo. Dubi hoton, kamar ba ni ba."

Paulina ta goge hannu a zani ta karɓa. Hoton ya yi kyau. Ta ce, "Sun sa kin yi baƙi."

"Wannan kuma tikiti. Daga nan jirgin ƙasa zuwa Kano, daga Kano jirgin sama. Wannan mai launin ruwan ɗorawa ta inshora ce."

"Ta mota na sani. Mutum ma ana yi masa?"

"Tafiyar ake yi wa. Rufus ne ya kawo mana. In ciwo ya hana mutum tafiya, kamfani zai mayar masa da kuɗin tikiti da na masauki. Zamani ya ce gara a biya ɗan abin nan a huta."

Paulina ta san Rufus, wani dogon mutumin Fadan Kaje, ejan na wani kamfanin inshora da ke Kaduna. Kullum cikin kwat yake ko ana zafi, kuma a rumfarta yake cin abincin rana. Ta miƙa wa ƙanwarta takardar ta ce, "Ku dai komai naku da shiri." Scholastica ta yi dariya, ta ɗauka yabo ne.

Saura kwana biyar tafiya, Scholastica tana tsakiyar aiki a ɗakin haihuwa ciki ya murɗe ta, ta durƙusa a ƙasa. Kafin la'asar likita ya ce afendis ne, an shiga da ita tiyata. Kambai ne ya zo rumfa a kan keke ya faɗa wa Paulina. Ta saki ludayi, ta bar wa maƙwabciyarta tukwane, ta kama hanyar asibiti da gudu-gudu sauri-sauri, tana addu'a a bayyane. Addu'ar nan daga zuciyarta take. Sai dai a bakin ƙofar asibiti, da wata nas ta ce mata an gama aiki lafiya amma batun tafiya kam babu shi, Paulina ta ji ƙirjinta ya yi sanyi, sanyin da ya wuce na jin ƙanwa ta tsira. Ta gane ko mene ne. Ta sunkuyar da kai ta shiga ciki, kada nas ɗin ta ga fuskarta.

Kwana tara ta yi tana jinya. Ita ke dama kunu, ita ke wanke zannuwa, ita ke riƙe Scholastica in za ta taka. Ranar da ayari ya tashi, suna jin kukan jirgi daga ɗakin, Scholastica ta juya fuska bango tana hawaye. Paulina ta shafa mata baya tana cewa, "Yi haƙuri, Schola. Rai ya fi Roma." Rabon da ta ji ƙanwarta kusa da ita haka tun suna yara. A kwanakin nan ita ce babba, ita ake kira, ita ake jira.

Rana ta bakwai matan zumunta suka cika ɗakin da lemo da ƙwai. Wata ta fara jajanta asarar kuɗi, sai Zamani ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Babu asara, Mama. Na gaya muku amfanin ilimi ke nan. Takarda tana nan, kamfani zai mayar da komai. Akwai wani ayari a watan Nuwamba, da shi za ta tafi in Allah ya yarda."

Ɗaki ya ɗauki godiya ga Ubangiji. Paulina tana tsugune a gefen gado tana matse tsumma a bokiti. Ta tuna bara da akuyoyinta uku suka mutu a mako guda, babu kamfanin da ya mayar mata ko da ƙaho. Ta tuna aji ukun da ta bari. Wato Scholastica ko faɗuwa ta yi, akwai katifa a ƙasa tana jiranta. Ta ci gaba da matse tsumman har bayan ruwan ya ƙare.

Bayan mako biyu Rufus ya zo cin abinci kamar kullum. Ya ajiye baƙar jakarsa, ya ce a zuba masa doya.

"Mama Meshak, yaya jikin Sista?" Da sunan ɗanta na fari ake kiranta a tasha.

"Da sauƙi. Ta koma gida."

"Madalla. Takardunta nake haɗawa. Kamfani na so a tabbatar ciwon sabo ne, don in tsoho ne tun kafin a sayi inshora, ba ya cikin yarjejeniya. Tambaya ce kawai ta cika fom. Ai lafiyarta ƙalau a da, ko?"

Paulina tana juya miya. Da ta ce e, da magana ta ƙare a nan. Amma akwai wani abu da ita kaɗai ta sani. Da daminar bara Scholastica ta yi kwana uku tana ciwon ciki bayan sun dawo daga wani biki a ƙauye. Ba ta je wurin likita ba, Paulina ce ta jiƙa mata sassaƙe ta sha, ya wuce. Kowa ya ci naman bikin nan sai da cikinsa ya ɓaci, har da Paulina kanta.

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To, cikin nan dai ba yau ya fara ba. Tun bara take fama da shi. Ni na yi mata magani."

Rufus ya daina tauna. Ya dube ta, kamar yana ba ta dama ta janye. Ba ta janye ba.

"Kin tabbata?"

"Ƙarya zan yi wa ƙanwata?"

Ya wanke hannu a hankali, ya buɗe jaka ya ciro fom. "Tunda na ji, dole in rubuta. In na ɓoye aka gano, aikina ne zai tafi." Ya rubuta layi uku da Turanci, ya juyo mata takardar. Paulina ta iya rubuta sunanta, abin da aji uku ya bar mata ke nan. Ta riƙe biro ta rubuta shi baƙi bayan baƙi, har tana jin daɗin yadda ya fito a miƙe.

Daɗin bai kai yamma ba. Tana wanke kwanuka ta fara gaya wa kanta cewa ai gaskiya ta faɗa, ciki ya yi ciwo bara, ba ta ƙara ko kalma ba. Ta maimaita wa kanta haka a hanyar gida, ta maimaita washegari. Ranar Lahadi a coci aka tashi karɓar Jibin Ubangiji, ta zauna a bencinta ta ce wa Kambai kanta ke ciwo.

Wasiƙar kamfani ta iso bayan wata guda. Ranar Paulina ta kai wa ƙanwarta faten acha, ta tarar da ita a tsakar gida a kan kujerar kwance, Zamani yana tsaye da ambulan a hannu, fuskarsa a murtuke. Bai amsa gaisuwarta ba. Ya miƙa wa matarsa wasiƙar ya ce, "Karanta mata. Ki fassara mata da kyau." Ya tura babur ɗinsa waje ya tafi.

Scholastica ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta nuna wa yayarta kujera, ta fara karantawa, tana juya kowane layi zuwa Hausa da murya ɗaya, kamar mai karanta wa mara lafiya takardar magani. Kamfani yana baƙin ciki da rashin lafiyarta. Kamfani ya duba buƙatarta. Kamfani ba zai iya biya ba, domin ya samu shaida a rubuce cewa ciwon ya riga inshorar. Ta tsaya a nan, ta ɗora yatsa a kan layin ƙarshe ta juyo da takardar.

"Wannan ba sai na fassara ba, Yaya. Kin iya karanta shi."

Paulina ta ga sunanta, an buga shi da tafireta.

Kaji suna ta tsattsagar ƙasa a gindin mangwaro. Paulina ta buɗe baki ta ce, "Tambayata ya yi. Ai kin yi ciwon ciki bara."

"Na yi. Ke ma kin yi. Kambai ma ya yi."



"Kwana tara kina wanke mini jiki," in ji Scholastica. "Abin da na kasa haɗawa ke nan. Da wata ce a asibiti, da na gane. Me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba."

"To mene ne?"

Maganar ta fito ba tare da Paulina ta shirya ta ba. "Tare aka sa mu makaranta, Schola. Na fi ki lissafi, ki tambayi kowa a Manchok. Ni na je rafi kika zama Sista. Ban taɓa cewa komai ba. Amma ko sau ɗaya, ko sau ɗaya tak, in ga abu ya kuɓuce miki kamar yadda yake kuɓuce wa mutane. Shi ke nan. Ban ce yana da kyau ba."

Scholastica ta daɗe tana kallonta. Paulina ta zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa, ta ma fi son faɗan. Sai ƙanwar ta ninke wasiƙar ta ce, "Cittar Zamani ce, da kuɗin tsofaffin zumunta. Ba nawa kika zubar ba." Ta tashi a hankali tana dafe da gefen ciki, ta shiga ɗaki. Kwanon faten yana nan a ƙasa, a rufe.

Kambai mutum ne mara yawan magana. Da Paulina ta gaya masa abin da ta yi, ya ci gaba da goge katakon da ke gabansa har ya kai ƙarshe, sannan ya ce, "Ƙusar da mutum ya buga a karkace, shi ke cire ta. Ki nemi Rufus."

Rufus ya ce shi hannunsa ya fita, fayil yana Kaduna. Amma ya ce in likitan da ya yi aikin ya rubuta cewa ciwon bara ba shi da alaƙa da wannan, kuma mai shaidar ta je da kanta ta warware maganarta a gaban manaja, wataƙila a sake dubawa. "Wataƙila na ce, Mama Meshak. Kuma za su yi miki tambayoyin da ba za ki so ba."

Paulina ta je wurin likitan, ya saurare ta ta bakin wata nas da ta yi tafinta, wadda kuma abokiyar aikin Scholastica ce. Paulina ta san kafin rana ta faɗi asibiti duka zai ji. Ta faɗi komai duk da haka. Likita ya girgiza kai, ya rubuta takardar ya buga hatimi.

Ranar Talata ta rufe rumfa, ta sayi tikiti a tagar da ta shekara goma sha ɗaya tana kallo, ta shiga jirgin Kaduna da takardar a ƙulle cikin ɗankwali. Ba ta ga komai a hanya ba, tana ta haɗa abin da za ta ce. A Kaduna ta sauka gidan wata 'yar garinsu a Kakuri. Kwana biyu tana zama a bencin ofishin kamfanin, ana ce mata manaja ya fita, manaja yana mitin. Rana ta uku aka shigar da ita. Manajan ya karanta takardar likita, ya ciro fom ɗin da ta sa wa hannu ya ajiye su gefe da gefe. Wani akawu ne ke fassara.

"Ya ce, wannan sa hannunki ne?"

"Nawa ne."

"Ya ce, to ƙarya kika yi a nan, ko yanzu kike ƙarya?"

"Ciwon cikin bara gaskiya ne. Amma na san na nama ne, ba wannan ba. Na faɗa yadda za a ɗauka shi ne."

"Ya ce, don me? An ba ki wani abu?"

Paulina ta dubi fankar da ke juyawa a sama. Ta ce, "Ka gaya masa ƙanwata ce, kuma ina jin haushinta."

Akawun ya fassara. Manajan ya cire tabarau ya dube ta, ya ce wani abu gajere, aka ba ta sabuwar takarda ta sa hannu. Wannan karon sunan ya karkace.

Kamfani ya biya, amma sai a watan Disamba, bayan ayarin Nuwamba ya je ya dawo. Kuɗin tikiti ya dawo duka, na masauki aka yanke wani abu. Scholastica ta mayar wa matan zumunta nasu, sauran Zamani ya sa a gona. Shi Zamani bai sake taka rumfar Paulina ba, in sun haɗu a coci gaisuwa ce ta baki ɗaya. A tasha kuwa maganar ta zaga, har wata mai sayar da ƙosai ta riƙa yi mata habaici da waƙa. Paulina ta haɗiye. Scholastica ta yi wata uku ba ta zo ba. Ran nan sai ga ta da yamma cikin farin kayan aiki, ta zauna a ƙarshen benci ta ce a zuba mata tuwo kaɗan. Ba su ta da maganar ba, a ranar ko bayanta.

Lahadin farko ta sabuwar shekara, bayan an tashi daga coci, mata suka yi cincirindo a gindin dalbejiya. Mildred ce a tsakiya, wata ƙaramar nas da ta bi ayarin Nuwamba, an wanko mata hotunanta daga Jos. Ga ta a gaban babban coci, ga ta tana ba tattabaru hatsi, ga ta cikin rigar sanyi har gwiwa. Hotuna suna yawo hannu zuwa hannu, tsofaffi suna sumbatar su. Tsohuwar nan mai carbi tana ta nuna wa kowa nata, ta ce Mildred ta taɓa mata shi da bangon.

Hoton tattabarun ya iso hannun Scholastica. Paulina tana tsaye kusa da ita, tana ganin gefen fuskarta. Scholastica ta daɗe tana kallonsa, ta matso da shi kusa, ta nisanta shi.

"Ya yi kyau, ko Sista?" in ji Mildred.

"Ya yi," in ji Scholastica. "Sai dai rigar ta yi miki yawa. Ta aro ce?"

Mildred ta yi dariya ta ce e, ta wata Sistar coci ce a can. Scholastica ta miƙa hoton gaba. Da ta juyo suka haɗa ido da yayarta, sai ta kawar da kai da sauri, ta hau gyara ɗaurin ɗankwalinta da bai kwance ba.

Paulina ta ɗauki jakar ƙanwarta daga kan benci ta rataya a kafaɗa, kamar yadda ta saba tun lokacin jinya. Ta ce, "Mu je, rana tana yi." Suka bi hanyar kasuwa tare, Scholastica tana gaba da taku biyu.